Gwaggo, ina ake samun makarantar da ba a sa yunifom?

Saƙon wannan satin daga Daura ya zo, tsakar dare ma aka turo shi, da alama sai da yarinya ta yi barci sannan uwar ta samu sararin riƙe waya. Na ɗan datse shi saboda tsawo amma ban canza mata magana ba.

"Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya iyali. Dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 21, ina aure a Daura da ɗiya ɗaya. Ina SS1 a makarantar kwana aka sace yaran Ƙanƙara, aka rufe makarantu muka dawo gida, da aka buɗe Baba ya ce shi ba zai iya barci ba ɗiyarshi na bodin, kuma babu ta jeka ka dawo kusa da ƙauyenmu, shekara ba ta zagayo ba aka yi mani aure. Maigidana tela ne, ba shi da matsala wallahi, amma duk sanda na ɗauko maganar karatu sai ya ce a bari tukuna, Hajiyarshi kuma ta ce matar aure da jakar boko yawo take nema. Ni ungozoma nike son zama tun ranar da na je haihuwa na ga mata a layi ma'aikaciya ɗaya tal. Na ji a rediyo ana maganar makarantar da ake karatu daga gida amma duk wanda na tambaya bai san inda take ba. Ga kunyar zama aji ɗaya da sa'o'in ƙannena, turancin ma ya gudu. Ga ƙanwata 'yar shekara 13 tun aji 4 na firamare ta bari tana tallan awara. Mi zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗiyata, lafiya lau alhamdulillahi, ki shafa mani kan jikata. Sau biyu na karanta saƙon nan, na biyun sai da na aje wayar na yi shiru, don na daɗe ina riƙe alli a makarantun 'yan mata a jihar nan kafin in aje aiki, kuma watan Disamban 2020 ba zai fita raina ba. Yara sama da 300 aka kwasa a dare ɗaya a Ƙanƙara, Gwamna Masari ya ce a rufe makarantun kwana, cikin sati guda Allah ya sa yaran suka dawo aka yi ta murna ana ɗaukar hoto, amma ku da ba wanda ya sace ku, ku ne ba ku koma ba, kuma ba wanda ya zauna ya ƙirga ku. Kada ki riƙe Baba a zuciya kin ji ko. Ni kaina da ina da ɗiya a bodin a watan nan ban san mi zan yi ba. Tsoro ne ya yanke mashi hukunci, ba wai bai son ki ba ne.

To makarantar da kika ji a rediyo, wadda 'yan boko ke ce ma ofin sukul, abin da ya sa kowa ya ce bai san inda take ba shi ne ba gini ba ce. Ba ta da get, ba ta da ƙararrawa, babu malamin horo tsaye da bulala yana jiran 'yan latti. Tsari ne kawai, mutum ya yi rajista a ba shi darussa a takarda ko a waya ko ta rediyo, ya yi karatunshi sanda ya samu sarari, jefi jefi ya haɗu da malami a wata cibiya a warware mashi inda ya sarƙe, in ya ji ya shirya ya zauna jarabawa, ba ruwan kowa da shekarunshi ko aure ko goyo. Indiya tun 1989 suke da irinta ta ƙasa baki ɗaya mai ba da satifiket ɗin sakandare nata na kanta, miliyoyin mutane sun bi ta nan. Mu nan hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, UBEC, ta haɗa kai da wata hukumar ilimi ta ƙasashe renon Ingila, Commonwealth of Learning, suka fara gwada abin a jihohi shida na arewa, Katsina na ciki. Abu ne mai kyau ba na kushe shi ba, sai dai UBEC iyakar huruminta firamare zuwa JSS3, ke kin wuce nan, sannan kinsan halinmu, wajen ƙaddamarwa da jawabi da raba lemo ba a fin mu, a kai abu lungu inda masu buƙata suke nan ne ƙafa ke sanyi. Saboda haka in kika ce sai kin ga allo a bakin titin Daura an rubuta ga makarantar karatu daga gida sannan ki fara, ɗiyarki zata riga ki gama sakandare. Abin da ke akwai guntu guntu ne, a warwatse, kuma ke matar tela ce, kin sha ganin yadda ake tattara guntayen yadi a ƙarƙashin keke a fidda rigar yaro. Haka zaki haɗa taki makarantar.

Abin da ya tsaya tsakaninki da ungozomanci takarda ce guda ɗaya, kiredit biyar, turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, kuma a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce biyu. Wannan takardar ba dole sai ta cikin aji ake samunta ba. WAEC na da jarabawar masu zaman kansu, wadda muka saba ce ma GCE, sau biyu ma ake yinta a shekara, ɗaya farkon shekara ɗaya wajen ƙarshe, NECO ma na da tata ta 'yan waje wajen Nuwamba da Disamba. Ba a tambayar wace makaranta kika fito, shekarunki ba za su hana ki ba, da hijabinki zaki shiga ki zauna ki fito, kuma satifiket ɗin ƙarfinshi ɗaya da na wadda ta yi shekara ukku tana cin wake da shinkafa a bodin. Makarantu da yawa suna karɓar a haɗa WAEC da NECO a matsayin zama biyu. Zaki ce to firaktikal fa, ina zan samu ɗakin gwaje gwaje, ai su 'yan waje takarda ce ake ba su a madadinshi, ana zana kayan a tambaye ki mi zai faru in an zuba kaza a kaza, ba sai kin riƙe kwalba ba. Abu ɗaya da ya canza, tun 2024 WAEC ta fara yi ma masu zaman kansu jarabawa da kwamfuta, don haka ko sau biyar ne ki samu ki je shagon kwamfuta da ƙaninki ko da maigidan ki koyi riƙe linzami, kada ranar jarabawa ta zama ranar da kika fara taɓa shi.

Maganar kunya kuwa dariya ta ba ni. Na taɓa yin aikin sa ido a ɗakin irin wannan jarabawar, wallahi a layi ɗaya ga ɗan sanda da furfura, ga wata mai ciki wata takwas ana sa mata filo a baya, ga mai gadin wata ma'aikata da ke neman ƙarin girma, kowa ta kanshi yake. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, ke ko gemun ba ki da shi, goyo ne, shi kuwa ana sauke shi a shimfiɗe.

Amma ga inda nike so ki buɗe kunne. Kada ki yi rajista bana. Na san zuciyarki na zafi, kina son gobe gobe a ce kin cike fom, to a'a. Shekara biyar rabonki da aji, kuma SS1 ɗin ma ba ki gama ba, kemistiri da fiziks kusan ba ki fara su ba. Ki ba kanki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Na taɓa samun wata ɗaliba a ajin yamma na matan aure, kaifin ƙwaƙwalwa kamar mi, ta sha wahala kafin mijin ya yarda, da ya yarda sai ta ce bari ta yi sauri kafin ya canza ra'ayi, wata ukku ta yi tana karatu ta shiga jarabawa, sakamako ya fito ba kyau, mutumin nan bai yi faɗa ba bai yi komai ba, cewa kawai ya yi ai dama na gaya maki, kuɗina kika ƙona. Sai da ta shekara huɗu kafin a sake barinta ta ɗauko zancen. Yaro ɗan makaranta in ya faɗi ana ce mashi ya sake, matar aure in ta faɗi karon farko hujja ta ba duk wanda dama bai so ba. Don haka zamanki na farko ya zama kin shirya mashi. Ki koma baya ba tare da jin nauyi ba, ki ɗauko littafin lissafi na JSS1 ki fara daga kasafi da ɗigo, duk inda kika ga yana tafiya sumul ki wuce da sauri, inda ya tsaya nan ne ajinki na gaskiya. Turanci kuma ba guduwa ya yi ba, kwanciya ya yi, kullum ki karanta shafi ɗaya da ƙarfi kamar mai karanta labarai, ki rubuta layi biyar a kan abin da kika yi yau ko da tuwo da miyar kuka ne, cikin wata ukku zaki ji ya fara miƙewa. Wata shida na ƙarshe kuma tsofaffin tambayoyin jarabawa na shekarun baya zaki ta bi kina sa ma kanki agogo, ana saida su a shagunan littattafai.

Za a zo maki da maganar mirakul santa, wannan kamar kin gani. Wata zata ce mi ya kai ki wannan wahala, ki biya kaza a rubuta maki amsa a allo. Kada ki soma. Ko mun aje maganar haramcinshi gefe, hukumar na iya riƙe sakamakon santar baki ɗaya kuɗinki ya bi ruwa, in ma kin tsallake akwai jarabawar shiga makarantar lafiya da intabiyu a gaba inda ba mai rubuta maki, in ma kin tsallake wannan to ranar da za a miƙo maki sirinji a ce ki auna ma mai naƙuda magani gwargwadon nauyinta, lissafin da kika saya ba zai zo ya taimake ki ba, ran mutum biyu ne a hannunki.

Sai wata 'yar ƙaramar magana mai kada mutane da yawa, suna. Ba a rajista sai da lambar NIN, da hoto da zanen yatsa. Ki duba tun yanzu sunan da ke NIN ɗinki da ranar haihuwa su zama daidai da na takardar JSS3 ɗinki harafi da harafi. Mata da yawa in sun yi aure sai a je a yi masu NIN da sunan miji, takardar firamare da ta JSS kuma da sunan uba, sai an zo shiga babbar makaranta a fara yawon kotu ana rantsuwa ana kashe kuɗi. Sunan babanki shi ne naki, ki bar shi yadda yake a ko'ina.

Yanzu ga ainihin abin da ke kashe karatun gida, ba rashin littafi ba ne ba rashin wuta ba ne, kaɗaici ne. Satin farko zaki yi kamar ki cinye littafin, wata na biyu yarinya ta yi zazzaɓi ki yi kwana huɗu ba ki buɗe ba, sai biki ya taso, sai azumi ya zo, sai ki wayi gari littafin na ƙarƙashin katifa kyankyasai na karatu a madadinki, kuma ba wanda zai tambaye ki ina aikin jiya. A makaranta ƙararrawa da tsoron malam ke tura mutum, a gida babu su. Maganin wannan kuwa ba Turawa suka kawo mana shi ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan ƙauye ba su iya barin ɗakunansu su zo Sakkwato neman karatu, sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali ta karantar da su, ta naɗa masu malfa da jan rawani, ana ce masu jaji, su zo da ayarin tsofaffi da ƙananan 'yan mata su ɗauki karatu cikin waƙa mai sauƙin haddacewa, su koma garuruwansu su zauna tsakar gida su koyar da matan auren da ba su fita. 'Yan Taru ake kiransu. Ki duba sunan ma, taruwa. Kusan shekara 200 kenan, ba get ba yunifom, malami ne ke zuwa inda ɗaliba take, to mi ya raba wannan da abin da kika ji a rediyo? Amma ba ta taɓa cewa kowace mace ta ƙulle ɗaki ta yi ita kaɗai ba.

Don haka ki nemo mata biyu ko ukku irinki, kuma na rantse maki suna nan a layinku, ba ke kaɗai aka ciro daga aji a shekarar nan ba, kunya ce ta hana kowa magana. Wurin da ya fi sauƙin samunsu islamiyyar matan aure, tunda can dai an riga an yarda ki je. Ki samu malama ki yi mata bayani, a roƙi a bar maku aji ɗaya na awa guda bayan an tashi, sau biyu ko ukku a sati. Ku haɗa 'yan kuɗi ku ɗauki mai yi maku lesin, 'yar bautar ƙasa ce, ko wata da ta gama NCE tana zaune gida ba aiki, ko ma yarinyar maƙwabta 'yar SS3 mai ƙoƙari, eh sa'ar ƙannenki, ki haɗiye girman kai ki ce mata malama, ita ma bitar jarabawarta take yi a kanku. Sannan ki taka da ƙafarki ko maigidan ya je sakatariyar ƙaramar hukuma a tambayi ofishin hukumar yaƙi da jahilci, su ke kula da azuzuwan manya da cibiyoyin mata, a ji wace ke aiki kusa da ku kuma wane mataki take koyarwa, zuwa da kai ya fi aike. Ki tambayi shirin AGILE ma, na tallafa ma karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya sa ma kuɗi a 2020, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, daga baya an ƙara mashi ɓangaren ba 'yan matan da suka bar karatu dama ta biyu. A waya kuma akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka fito da shi a 2022, kyauta ne, akwai darussa har da Hausa. Sai dai waya kinsan halinta, ki shiga neman darasin bayoloji ki farka ƙarfe sha biyu kina kallon rigimar 'yan TikTok data ta ƙare. Ki sauke darasin, ki kashe data, sannan ki zauna.

To mu zo kan maigidan. A bari tukuna ba a'a ba ce, amma a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ina zaton inda kike kuskure, kina ce mashi ina son komawa makaranta, shi kuma abin da kunnenshi ke ji shi ne matata zata fita tun safe da jaka, ba abincin rana, yarinya a hannun maƙwabta, kuɗin makaranta duk zango, abokai a bakin shago suna ce mashi an fi ƙarfinka. Ba abin da kika roƙa ba kenan amma shi ya ji. Ki daina roƙon makaranta, ki roƙi abu ƙarami mai iyaka wanda zai iya gani da idonshi. Awa biyu bayan isha a ɗakina. Awa guda bayan islamiyya ranar kaza da kaza. Jarabawa ta 'yan makonni nan da shekara biyu, kai zaka kai ni ka ɗauko ni. Tela ne, ya san awo, ki ba shi awo. Kuma ki zaɓi lokaci, ba cikin goman ƙarshe na azumi ba sanda ɗinkin sallah ya sha mashi kai yana kwana a shago masu kaya na zaginshi, ki bari bayan sallah aljihu da nauyi rai a kwance.

Sannan ki tambaye shi cikin ladabi, ba mi kake tsoro a ciki zaki ce ba, ce mashi zaki yi, mi ke damunka a lamarin don in san yadda zan kiyaye. Ki yi shiru ki bari ya faɗa. In kuɗi ne, ki nuna mashi kin shiga adashi saboda kuɗin rajista, don dubunnai ne masu ɗan yawa kuma duk shekara hawa suke, ki fara tarawa tun yanzu da kitso ko ɗinkin hula ko ki ce ya koya maki sa maɓalli da kalmasa ki riƙa taya shi yana biyanki. In fita ce, kin riga kin ba shi awo. Akwai wani tsoron da ba zai taɓa furtawa ba, kada ki yi ilimi ki raina shi, wannan ba a maganinshi da baki, sai dai ki jawo shi ciki, ki ce ya riƙe maki littafin ya yi maki tambayoyi, lissafin inci da yadi da yake yi kullum ai kasafi ne, ki ce ya koya maki, zaki sha mamakin yadda namiji ke kare abin da yake ganin da hannunshi a ciki. In duk wannan bai yi ba sai a sa manya, yayanki ko kawu ko limamin da yake jin nauyi, amma ba da sigar ƙara ba. Abu ɗaya da na hana ki, kada ki yi a ɓoye. Ranar da aka gano, ba karatun za a tuhuma ba, amanarki za a tuhuma, kuma kin ba Hajiya gaskiya kenan.

Ita Hajiya kada ki yi gardama da ita ko sau ɗaya, ba zaki ci ba. Kuma ba ta bakinki ya kamata ta ji an yanke shawara ba, ta bakin ɗanta. Naki shi ne ranar da kuke hira ki ba ta labarin 'Yan Taru kamar ba da wata manufa ba, tsofaffinmu suna girmama gidan Shehu, da wuya ta ce ɗiyar Mujaddadi yawo ta koya ma mata. Ki riƙa karanta mata takardar maganinta, ki duba mata ranar da zai lalace, ki raka ta awon hawan jini. Ita ma ai ta san zafin a ce namiji ne zai duba ta. Kuma jikarta zaki bar mata in kin tafi lesin, ki roƙe ta a matsayin alfarma, wanda aka roƙa alfarma ya zama ɗan ciki.

Wata gaskiyar kuma gara ki ji ta yau, ki kuma faɗa ma maigidan tun farko kada ya ce an yaudare shi. Sakandare ce ake gamawa daga ɗaki, ungozomanci ba a koyonshi daga ɗaki, dole ki je aji ki kwana asibiti ki karɓi haihuwa da hannunki, wasu makarantun yanzu har JAMB suke nema. Makarantar ungozoma ta jiha tana Malumfashi, can kudu, daga Daura ba nan kusa ba ne. Amma a Daura ɗin kanta akwai makarantar koyon aikin lafiya, wadda ke yaye ma'aikatan lafiya na al'umma, su ne mafi yawan waɗanda kike gani a ƙananan asibitoci suna awon ciki da rigakafi, wannan kina gidanki zaki yi. In kuma tafiya ta yi tafiya ra'ayinki ya koma wani fannin, da kiredit biyar ɗin nan jami'ar karatu daga gida, NOUN, zata ɗauke ki ba tare da kin zauna jarabawar JAMB ba, tana da cibiya a Katsina, ga cibiyar horar da malamai NTI ta Kaduna mai ba da NCE ta karatun nesa. Duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya, shi ya sa na ce ki sa ƙarfinki can tukuna.

Ƙanwarki kuwa ta fi ki gaggawa, don ke kin iya karatu ita tana gab da mantawa, kuma 13 a ƙauye kinsan mi ke biyo baya. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, amma kada ki je ma su Inna da maganar doka, ba ita ke sayen kayan ɗaki ba. Tallan nan da shi ake cefane da shi ake tara kwanoni, in kika ce a daina ba ki kawo madadin ba kin yi magana ne kawai. Ki nemi a raba ranar, safe makaranta, awara da la'asar a ƙofar gida ba tasha ba. In ta ce ba zata zauna da 'yan shekara tara ba, akwai manhajar gaggawa da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta tsara, ABEP, don yara 'yan shekara 10 zuwa 18 da karatu ya wuce su, an matse shekara tara ta koma mataki ukku a shekara ukku, yaro na iya shiga matakin da ya dace da shi daga nan ya koma makaranta sosai. A tambayi sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku ko akwai cibiyar da ke yinta kusa. In ta kai shiga JSS1 a makarantar da ke cikin AGILE a tambayi tallafin kuɗin da ake ba iyaye marasa ƙarfi, a yi tambayar a ofishin shugabar makaranta ba wajen ɗan kan hanya mai cewa a kawo na goro ba. In da hali ma ki roƙi maigidan ta dawo wurinki a Daura, ta riƙe maki yarinya sanda kike karatu, ke kuma ki sa ta makaranta da safe ki bi mata darasi da dare, amma fa ki ji tsoron Allah kada ki ciro ta daga talla ki maida ta 'yar aiki.

Cikin satin nan ki aika gida a binciko maki takardar JSS3 ɗinki, in ta ɓata a je tsohuwar makarantarku tun malaman da suka san ki suna nan. Ki ba ƙanwar taki littafin Hausa na aji ukku ta karanta maki shafi ɗaya ki ji inda ta tsaya. In kun yi magana da maigidan ki rubuto mani abin da ya ce, kalmominshi nike so ba fassararki ba. Ina da tsofaffin littattafan kemistiri da fiziks na SS1 zuwa SS3 a kwali, bangon ɗaya ya cire amma cikin lafiya lau, in kin samu direban Daura da kika yarda da shi ki turo mani lambarshi in kai mashi tasha.